Daga Gona Zuwa Tukunya: Yadda Canjin Yanayi Ke Ƙara Wa Ƙwarin Amfanin Gona Ƙarfi

Wataƙila wata ta ga kan wannan rubutu ta ce ina ruwan uwargida da ƙwarin gona, ai wannan zancen maza ne. To 'yar uwa ki ɗan yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin kuwa duk abin da tsutsa ta ci a gona daga cikin tukunyarki ta ɗebe shi, kuma duk maganin da aka zuba wa wake a buhu ke ce za ki dafa shi ki ba 'ya'yanki.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu ya faru ne a nan garinmu Dayi, cikin Ƙaramar Hukumar Malumfashi, inda hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta ɓullo. Wata rana da damina, bayan mun tashi daga karatun matan aure, sai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ke riƙe da jikoki da 'yar gayaunar masara a bayan gari, ta kwance bakin mayafinta ta nuna mini kan masara da ta karyo. Ganyen duk ya huje kamar an bi shi da tsinke, cikin ƙoƙon kuwa cike da wani abu kamar dusar katako mai danshi, ga wata tsutsa kwance a tsakiya. Ta ce mini tun tana yarinya take bin mahaifinta gona, ta san tsutsar kara, ta san fara, ta san gara, amma wannan ba ta taɓa ganinta ba sai a 'yan shekarun nan. Na ce mata Inna gaskiyarki, domin baƙuwa ce, kuma baƙuwar da ta sami wurin zama.

Me Ya Haɗa Zafi Da Ƙwari?

Mu 'yan Adam jikinmu yana riƙe da ɗuminsa, ko ana sanyi ko ana zafi. Ƙwaro kuwa jikinsa yanayin waje yake bi. Idan gari ya yi sanyi sai komai nasa ya yi sanyi, cinsa ya ragu, girmansa ya yi jinkiri, ƙwansa ya daɗe bai ƙyanƙyashe ba. Idan gari ya ɗumama sai ya ƙara ci, ya yi saurin girma, ya yi saurin hayayyafa. Ke nan idan zafi ya ƙaru ko da kaɗan ne, ƙwaron da a da yake haihuwa sau uku kafin a yi girbi yana iya yin sau huɗu, kuma kowace haihuwa ninkin ta baya ce.

Duniya kuwa tana ɗumama, saboda hayaƙin man fetur da gawayin kwal da iskar gas da ake ƙonawa a masana'antu da motoci, da kuma sare dazuzzuka. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar da cewa a shekarar 2024 zafin duniya ya ɗara na zamanin da ba a kafa masana'antu ba da kimanin digiri ɗaya da rabi a ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilun shekarar ne aka auna zafin da ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Science a 2018 ya ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya zai ƙara asarar da ƙwari ke yi wa masara da shinkafa da alkama da kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Wani kuma da masana a Ingila suka fitar a 2013 ya nuna cewa tun daga 1960 ƙwari da cututtukan shuka suna matsawa zuwa ƙasashe masu sanyi da kusan kilomita 3 a kowace shekara. Tun kafin wannan ƙari ma, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce ƙwari da cututtuka na lashe har kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya a duk shekara.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙasashe masu sanyi ne ake hasashen ƙarin zai fi yawa a cikinsu, domin mu da ma a cikin zafi muke, kuma zafin da ya wuce kima yakan kashe wasu ƙwarin. Abin da ya fi shafarmu a nan ƙasar Funtua da Malumfashi abu uku ne. Na farko, dare ya ƙara ɗumi, kuma sanyin hunturu da ke rage wa ƙwari gudu ba kullum yake zama kamar yadda iyayenmu suka saba ba. Na biyu, damina ta rikice: ruwa ya sauka a yi shuka, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta galabaita, ƙwari kuma su samu sarari. Na uku, ruwan da ke zuwa kamar da bakin ƙwarya a inda ba a saba ba, wanda ke tsirar da ciyawa a hamada fara ta samu wurin hayayyafa.

Baƙuwar Tsutsar Masara

Tsutsar da Inna ta nuna mini asalinta daga nahiyar Amurka take. A farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen farko, inda masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan suka gano ta. Cikin shekara biyu ta mamaye kusan duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, ta isa Indiya a 2018, ƙasar Sin a 2019, sannan Ostareliya a 2020.

Uwarta wani faɗa-wuta ne, wato irin malam-buɗe-littafin nan mai launin toka da ke yawo da dare yana kewaya fitila. Tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka mata, kuma mace ɗaya tana zuba ƙwai kimanin 1,000 a rayuwarta, dunƙule-dunƙule a jikin ganye. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kwana 30 ne kacal, amma a ƙasashen da ake tsananin sanyi yakan ɗauki kwana 80 zuwa 90, inda ƙanƙara ke sauka kuwa mutuwa take yi gaba ɗaya. A Amurka sanyi ne ke korarta kudu duk shekara. Mu a nan babu mai korarta, ga kuma masarar rani da ake yi a fadamu da bakin madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye, wadda ke riƙe ta har damina ta zagayo.

Masana sun fi kyautata zaton cewa a cikin kayan da ake safara tsakanin ƙasashe ta shigo, ba yanayi ne ya ɗauko ta ba. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ƙwanta da ƙananan 'ya'yanta daga ganye, har ya nutsar da wasu a cikin ƙoƙon masara. Idan ruwa ya ɗauke bayan shuka, babu abin da ke rage su, kuma masarar da ƙishirwa ta kama ba ta da ƙarfin maye ganyen da aka cinye. Shi ya sa manoma suka lura cewa shekarar da aka yi fari a tsakiyar damina ita ce shekarar tsutsa. Ga yankin da ke cika kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua da masara, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Sharon, Mai Hana Miya Ja

Babu uwargidan da za ta manta da shekarar 2016, lokacin da tumatir ya gagari talaka, aka koma busasshen kauɗa da na gwangwani. Sanadin shi ne wata 'yar ƙaramar tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manomanmu kuma suka laƙaba mata suna sharon. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mu. Takan shige tsakiyar ganye ta cinye shi ta ciki, ta huda ɗan tumatirin ya ruɓe, gona ta koma kamar an babbaka ta da wuta. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa a Jihar Kano kuma ta dakata saboda rashin abin sarrafawa. Ta sake yin mummunar ɓarna a 2023 da shekarun da suka biyo baya a jihohin Kano da Katsina da Kaduna.

Ki duba yadda zafi ke tafiyar da ita. An gwada a ɗakin bincike an ga cewa a digiri 14 tana buƙatar kwana 76 kafin ta kammala rayuwarta, amma a digiri 27 kwana 24 ya ishe ta, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har 260. Wannan ne ya sa tumatirin da aka dasa da wuri ya nuna cikin sanyin hunturu yakan tsira, na bazara kuwa, daga watan Maris zuwa Mayu, shi ke shan kashi. Idan zafi ya shigo da wuri, sai kwanakin da manomin Danja ko na Kafur ke da su na samun tumatir lafiyayye su ragu.

Darasin Shekarun Baya

Ba yau ne rikicewar damina ta fara buɗe wa ƙwari ƙofa a ƙasar Hausa ba. Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, sai a 1975 darɓa ta yaɗa cutar kuturtar gyaɗa a Arewacin Nijeriya, ta lalata gonaki kimanin hekta 700,000. Wannan annoba na cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi, manoma da dama suka koma wake da dawa. A daidai wannan zamani ne kuma tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana sassaƙa ta, wadda mutanen Maraɗi ke kira murzuna, ta tashi daga ƙwaron da ba a damu da shi ba ta zama babbar abokiyar gabar gero a yankin Sahel.

Fara ma haka take. A 2004 ta auka wa Jamhuriyar Nijar tare da ƙarancin ruwa, abin da ya haifar da yunwar 2005 wadda ta fi tsanani a yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa, har mutane da yawa suka tsallako nan Katsina neman abinci. A 2018 kuma guguwar teku biyu suka zubar da ruwa mai yawa a hamadar kudancin yankin Larabawa, inda ba a saba ganin ruwa ba. Fara ta hayayyafa a can babu mai gani, ta tsallaka teku, zuwa 2020 ƙasar Kenya ta ga farar da ba ta ga irinta ba cikin shekara 70. FAO ta ce garken fara mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana cin abincin mutum 35,000 a yini guda. Darasin shi ne, ruwan da ya sauka ba bisa ƙa'ida ba a wata ƙasa yana iya zama yunwa a wata.

Rumbu Da Ɗakin Ajiya

Yanzu mun iso inda ya fi shafarki kai tsaye. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ya zuba ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsar ta shige ciki ta yi ta ci. A ɗaki mai zafi, cikin mako uku zuwa huɗu sabon ƙwaro ya fito ya sake zuba nasa. Saboda haka waken da aka ajiye a buhu na yau da kullum a ɗakin kwano, kafin wata shida sai ki tarar ya zama gari da huji. Haka ƙwaron masara da na dawa suke. Ƙarin zafi yana nufin ƙarin haihuwa a cikin buhunki, musamman idan ruwan ƙarshen damina ya daki amfanin bai bushe sosai ba.

A nan ne babban haɗarin yake. Da ƙwari suka ƙaru, sai mutane suka ƙara zuba magani, wasu har da fiya-fiya suke yayyafa wa wake, wasu su jefa ƙwayar maganin hayaƙi a buhu su ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana, alhali iskar da take fitarwa guba ce mai kisa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin da ke cikin fiya-fiya da aka samu a jikinsa, hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi kan zuba irin wannan magani a abinci. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke yin alale da ƙosai da shi. Bugu da ƙari, yawan fesa magani iri ɗaya yana sa ƙwari su saba da shi, kamar yadda ya faru da sharon a ƙasashe da dama, sannan yana kashe ƙwarin da ke taimakonmu, irin su zuma da ƙananan zanzaro da tururuwa da ke cin tsutsa.

To Mene Ne Abin Yi?

Tun da lokacin ƙwari ya canza, dole mu ma mu canza namu. Ga wasu shawarwari da ke cikin ikon kowane gida:

1. A riƙa duba gona da wuri. Daga mako na biyu bayan masara ta tsiro, a zaga sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe ko da yamma, a duba shuka goma-goma a wurare biyar na gonar. A nemi dunƙulen ƙwai, da ganye mai tabo fari kamar tagar gilashi, da dusa a cikin ƙoƙo. Ana gane baƙuwar tsutsar da zanen da ke kanta mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiyarta. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ƙaramar tsutsa ce ke jin magani, wadda ta girma ta ɓuya a ƙoƙo sai a yi ta asarar kuɗi.

2. A ƙaramar gona ko masarar bayan gida, hannu ma ya isa. A murƙushe ƙwai da tsutsa, a zuba toka ko yashi mai laushi kaɗan a cikin ƙoƙon. 'Ya'yan bedi, wato darbejiya, idan aka busar aka daka aka jiƙa ya kwana, aka tace aka sa ɗan sabulu, ana fesawa da yamma, yana hana tsutsa ci. Wannan aiki ne da mace za ta iya haɗawa a cikin gida.

3. A saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ana kuma fassara shi a gidajen rediyo. Ki tuna wa maigida a yi shuka idan ruwa ya zauna, kuma tare da maƙwabta, domin gonar da ta makara ita ce ƙwarin unguwa ke tarar wa. Haɗa masara da wake ko gyaɗa ko waken suya, kamar yadda kakanninmu ke yi, yana rage ɓarna fiye da shuka abu ɗaya tilo.

4. A nemi shawarar malaman gona na hukumar KTARDA kafin a sayi magani, maimakon dogara da mai talla a kasuwa. A tambaye su kuma game da iri mai saurin nuna da jure fari da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa. Cibiyar ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019 mai jure tsutsar fure da kwanson wake, da masarar TELA a 2024 mai jure tsutsa. Waɗannan biyun an sauya musu ƙwayar halitta ne, hukuma ta amince da su, amma akwai masu adawa da irinsu, saboda haka a nemi cikakken bayani kafin a yanke shawara.

5. Idan ya zama dole a yi feshi, a rufe jiki da hanci, kada a sa yaro ko mai juna biyu ko mai shayarwa, a wanke kayan feshi daban, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a ɗebi amfani. Kada a taɓa zuba ruwa ko mai ko nono a galan ɗin magani komai wankin da aka yi masa.

6. A ajiye hatsi ba tare da guba ba. Buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira tare da masana na Afirka, ciki har da na Maraɗi, aka kuma fara yaɗa shi a 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Idan wake ya bushe sarai aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwaron shaƙewa yake yi ya mutu. Jarka ko durom mai murfi da aka cika taf aka toshe ma haka yake aiki. Ga ɗan wake kaɗan na iri, a gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka mudu da mudu. A ɗora buhu a kan katako nesa da bango saboda ɓera da danshi.

7. Idan za ki sayi wake ko masara a kasuwa, ki shinshina. Duk wanda ke warin magani ko yake da farin gari a jiki ki bar shi komai arharsa.

Akwai kuma abin koyi daga 'yan uwanmu na Maraɗi, inda masu bincike na cibiyar INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro suna raba wa ƙauyuka a cikin ƙananan buhunan algarara. Idan aka rataye su kusa da gonakin gero, zanzaron ya fita ya nemi murzuna ya kashe ta, ba tare da ɗigon guba ba. Muna kira ga hukumominmu da su duba irin wannan dabara, su kuma ƙara yawan malaman gona mata da za su iya shiga gidaje su koyar da mu. Yankin Funtua na cikin wurare uku na farko da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, tare da Gusau da Gombe, saboda haka mun san amfanin malamin gona tun ba yau ba.

Ita kuwa Inna, jikokinta ta ɗiba suka bi gayaunar layi-layi da kwanon toka har sau uku, Allah kuma Ya kawo ruwa mai ƙarfi a makon da ya biyo baya. Ba ta sami yadda ta saba samu ba, amma da kaka ta aiko mini da ɗanyar masara a ƙwarya. Tun daga lokacin, da zarar masara ta yi ganye huɗu, ita ce ke fara tambayar matan ajinmu ko an leƙa gona.

'Yar uwa, idan damina ta kama ki yi wa maigida wannan tambayar, kuma kafin a kawo wake gida bana ki tanadi buhu mai hawa uku ko jarka mai murfi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana abincinmu da lafiyar iyalanmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.